Kumfar Da Ke Tsaron Madatsun Ruwa, Da Kwamfutar Da Ba Ta Ganinta

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gindin babbar madatsar ruwa ranar da aka buɗe ƙofofinta, ko kuma ya je kallon gangaren Gurara a tsakiyar damina, ya ga wani abu da ido ya saba da shi har ya daina tambayar dalilinsa. Ruwan yakan taho daga sama garau, yana sheƙi kamar gilashi, amma kafin ya ci rabin gangara sai ya rikiɗe ya koma fari fat, sai ka ce an kifar da ƙwaryar nono. Wannan farin da muke gani iska ce. Ruwan ne, saboda tsananin gudu da hargitsin da ke cikinsa, yake yage fatarsa yana haɗiyar iska ƙwaya-ƙwaya, kamar dai yadda mai shayi ke tayar da kumfa idan ya ɗaga kofi sama yana sheƙa shayi cikin wani. Shi mai shayi don ya huce wa mai saye yake yi. A wurin injiniyan madatsa kuwa, kumfar nan magana ce ta rai da dukiya, domin yawanta da kuma inda ta tsaya a cikin ruwan su ne kan raba tsakanin magudanar da za ta shekara ɗari da wadda za ta rugurguje cikin makwanni.

Na san akwai masu cewa wannan batu ya fi dacewa da ajin jami'a fiye da shafin jarida. Dalilina na kawo shi nan shi ne, a yau kwamfuta ake ƙara bar wa hukuncin yawan iskar da ruwa zai sha a magudanar da ake zubar da rarar ruwan madatsa, kuma mu da muke cin bashi muna sayen madatsu, hoton da kwamfutar ta zana shi ake nuna mana a matsayin hujja. Ra'ayina shi ne wannan hoto yana da amfani ƙwarai, amma a kan maganar kumfa shaidarsa ba ta tsayawa ita kaɗai, kuma ya kamata masu sa hannu a madadinmu su san dalili.

Bari mu fara da cutar kafin maganin. Kowa ya san ruwa yana tafasa idan zafinsa ya kai digiri 100, amma wannan a ƙarƙashin matsin iskar da muke rayuwa a cikinta ne. Idan matsin ya ragu, tafasar takan zo da wuri. Idan kuwa ya faɗi zuwa kimanin kashi 2 cikin 100 na yadda yake, to ruwan randa mai sanyin digiri 20 ma sai ya tafasa ba tare da an hura wuta ba. Haka ke faruwa a ƙasan magudana. Ruwa mai tsananin gudu idan ya ci karo da ɗan tudu a jikin kankare, ko da bai fi kaurin yatsa ba, sai ya ɗan yi tsalle, matsin da ke bayan tudun ya faɗi, nan take ƙwayoyin tururi su ɓullo. Ba sa wuce taku kaɗan sai su shiga inda matsi ya dawo, sai su rufta lokaci guda, kowace ƙwaya ta kai wa kankaren bugu kamar na tsinin guduma. Ƙwaya ɗaya ba komai ba ce, amma dubbai a kowane sakan, dare da rana, sai su fara tsinke siminti, su ɓamɓare tsakuwa, su tone rodi. Ramin da suka haƙa kuma shi ne zai zama sabon tudu ga ruwan da ke tafe, sai wani ramin ya buɗe a gabansa. Masana na kiran abin kabiteshan, ni kuwa zan kira shi tafasar sanyi.

Manoman rani na Kadawa da sauran fadamunmu sun san wannan cuta, ko da ba su san sunanta ba. Idan aka ɗora injin ban ruwa nesa da bakin ruwa, ko matacin tiyon ya toshe da ciyawa, za ka ji injin yana ƙara kamar an zuba masa tsakuwa. Ranar da makanike ya kwance shi sai a tarar farfelar ta yi zanzana. Abin da ya ci ƙarfen farfela shi ne ke cin kankaren madatsa, bambancin kawai girma ne. Injiniyoyi sukan fara ɗar-ɗar da zarar gudun ruwa ya doshi mita 30 a sakan, kuma ba a bukatar wani dogon tsauni kafin a kai haka, domin ruwan da ya faɗo daga tsayin mita 50 yana iya kaiwa mita 31 a sakan, wato sama da kilomita 110 a awa, gudun motar haya a hanyar Kaduna zuwa Zariya.

Wanda yake son ganin iyakar ɓarnar tafasar sanyi sai ya duba abin da ya faru a madatsar Glen Canyon da ke kan kogin Kolorado a Jihar Arizona ta Amurka, a shekarar 1983. Madatsa ce mai tsayin mita 216, kuma rarar ruwanta yana bi ne ta wasu manyan ramuka biyu da aka fafe cikin dutse, faɗin kowanne ya kai mita 12 da rabi, an shafe cikinsu da kankare. A waccan shekara dusar ƙanƙara ta narke fiye da yadda aka yi hasashe, tafkin ya cika maƙil, aka buɗe ƙofofi a farkon watan Yuni. Bayan 'yan kwanaki ma'aikata suka fara jin wani irin rugugi a ƙarƙashin ƙasa, sannan ruwan da ke fita ya fara amayar da gutsattsarin kankare, daga baya launinsa ya koma ja, launin dutsen da ke bayan kankaren. Ma'anar haka ita ce ruwa ya cinye rufin ya shiga cin dutsen da madatsar kanta ta jingina da shi. Ga tafki yana hauhawa, ga mafita tana rushewa. Dabarar da ta cece su abin dariya ce in ba don tsananin lamarin ba: allunan katako suka kakkafa a saman ƙofofin don ƙara musu tsayi da mita ɗaya da 'yan kai, daga bisani suka maye su da na ƙarfe, domin tafkin ya riƙe ƙarin ruwa a rage wanda ke bi ta ramukan. Da aka tsayar da ruwan aka shiga dubawa, an tarar da kogo mai zurfin kimanin mita 10, tsawonsa ya haura mita 40. Mafarin wannan duka kuwa 'yan ƙananan ƙulle-ƙullen farar ƙasa ne da suka tsattsafo ta tsagar kankare suka daskare a bango.

Ba Glen Canyon ce farau ba. Madatsar Hoover ta sha irin wannan a 1941 da kuma 1983. A Tarbela ta Pakistan, a 1974, wata ƙofa ta maƙale a lokacin cikar tafkin na farko, tafasar sanyi ta rusa ɗaya daga cikin hanyoyin ruwan ƙarƙashin dutse, har sai da aka zubar da tafkin. Magudanar madatsar Karun ta Iran ita ma ta yi mummunan rauni a 1977.

Abin mamaki, maganin yana nan tun kafin mafi yawan waɗannan. A 1953 wani injiniya na hukumar gina madatsu ta Amurka mai suna Peterka ya gwada kankare a ruwa mai tsananin gudu, ya riƙa cusa wa ruwan iska kaɗan-kaɗan. Ya tarar kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na iska yana rage ɓarnar sosai, kuma da ta kai kashi 7 zuwa 8 sai ɓarnar ta tsaya. Hikimar a fili take. Ruwa zalla ba ya matsuwa, shi ya sa bugu ke ratsa shi da ƙarfinsa, sauti ma yana gudun kusan mita 1,500 a sakan a cikinsa. Amma da zarar an gauraya shi da kashi 1 cikin 100 na iska, gudun sautin sai ya faɗo zuwa wajen mita 100 ko 120. Ruwan ya zama katifa ke nan, gudumar tururi tana sauka a kan laushi. Daga nan aka ƙirƙiro mashaƙar iska: ɗan dakali a gicciye a ƙasan magudana wanda zai ɗaga ruwan ya yi tsalle, da tsagi a bayansa, da bututu a bango da ke kawo iska daga waje, ruwan da kansa ya riƙa zuƙarta ta ƙasansa. An yi wa madatsar Yellowtail irin wannan bayan raunin da ta ji a 1967, amma 1983 ta riski Glen Canyon ba a kai ga sa mata ba. Da aka gyara ta aka sa, aka sake sakin ruwa don gwaji a 1984, kankaren ya fito lafiya lau.

Sai dai iskar nan ba alheri ce tsantsa ba. Tana kumbura ruwa, ta yadda bangon da aka auna da ruwa zalla zai iya yin kaɗan, ruwa ya tsallake shi ya zaizaye ƙasar da ke gefe. Tana rage gogayya tsakanin ruwa da kankare, sai ruwan ya isa ƙasa da gudun da ya fi wanda aka lissafa. A hanyoyin ƙarƙashin ƙasa kuma, idan bututun iskar da ke bayan ƙofa ya yi ƙanƙanta, matsi yakan faɗi ƙofar ta kama jijjiga. Akwai kuma maganar kifi. Idan farin ruwa ya nutsa cikin zurfin kogi, matsin zurfin yakan narkar da iskar fiye da kima, kamar gas ɗin lemon kwalba. Kifin da ya shaƙi wannan ruwa sai kumfa ta fito masa a jini da ido da ƙarƙashin fata. Wannan ya kashe kifi da yawa a kogin Columbia na arewa maso yammacin Amurka, har aka ƙayyade kada narkakkiyar iska ta wuce kashi 110 cikin 100 na ƙa'ida, aka kuma ƙara wa magudanai wani leɓe da ke watsa ruwan a saman kogi maimakon ya nutsa. Ashe ke nan injiniya yana bukatar sanin adadi, kuma yana bukatar saninsa tun kafin a zuba bokitin kankare na farko.

To ta yaya ake sanin abin da ruwa zai yi a ginin da ba a gina ba tukuna? Hanyar kakanni ita ce a gina ɗan ƙaramin samfuri a ɗakin gwaje-gwaje, a ce kashi ɗaya cikin hamsin na ainihin girman, a sakar masa ruwa a zuba ido. Akwai ƙa'ida ta wani Bature ɗan Ingila, William Froude, da ke nuna yadda ake mayar da awon samfuri zuwa na gaske: a samfurin 1:50, gudun ruwa yakan zama kusan kashi ɗaya cikin bakwai, wato mita 35 a sakan ya koma mita 5. Wannan hanya ta yi wa duniya aiki fiye da shekara ɗari, kuma har gobe ana yi. Matsalarta guda ce, kana iya ƙanƙanta bango da ƙofa da dakali, amma ba ka iya ƙanƙanta ƙwayar kumfa. Girmanta yana bin ƙarfin fatar ruwa ne, shi kuwa ruwan samfuri ruwa ne kamar na kogi. Saboda haka sau da yawa za ka ga ruwan samfurin yana gangarowa garau, alhali a ainihin ginin fari fat zai zama. Injiniyoyin Barazil sun nuna haka ƙarara a farkon shekarun 1980, lokacin da suka gwada mashaƙar iskar madatsar Foz do Areia da samfura masu girma daban-daban, daga 1:50 har zuwa 1:8, suka kwatanta da awon ainihin madatsar. Ƙananan samfuran sun riƙa nuna iska ƙasa da gaskiya, manyan ne suka matso kusa. Babban samfuri kuwa yana cin fili da famfo da kuɗi.

A nan ne kwamfuta ta shigo da alkawarinta, wato a kwaikwayi ginin da cikakken girmansa ta hanyar lissafi, ba tare da an ƙanƙanta komai ba. Ƙa'idojin motsin ruwa sanannu ne tun ƙarni na 19, Navier na Faransa ya rubuta su a 1822, Stokes ya kammala su a 1845. Tsaurinsu ya kai a 2000 Cibiyar Clay ta Amurka ta sa su cikin manyan matsalolin lissafi bakwai da ta ɗora wa kowacce kyautar dala miliyan ɗaya. Tun da ba a iya warware su da alƙalami, sai a yayyanka sararin da ruwa zai bi zuwa gurabe, kamar gidajen dara, amma miliyoyi, kuma jere a kan jere. A kowane gurbi kwamfuta za ta lissafa gudu da matsi, ta miƙa wa maƙwabcinsa, ta matsa gaba da ɗan ƙanƙanin lokaci, ta sake. A 1981 wasu masana biyu, Hirt da Nichols, na cibiyar bincike ta Los Alamos, suka wallafa dabarar da ta ba kwamfuta damar bin fuskar ruwa: kowane gurbi a ba shi lamba daga sifili zuwa ɗaya, sifili iska zalla, ɗaya ruwa zalla, abin da ke tsakani kuwa nan ne ruwa da iska suka haɗu. A kan wannan dabara manyan manhajojin yau suke tafiya, irin su FLOW-3D da Fluent, da kuma OpenFOAM wadda aka sake ta kyauta ga kowa tun 2004.

In za a yi adalci, wannan fasaha ta cika alkawarinta a wurare da dama. Yawan ruwan da ƙofa za ta fitar, matsin da ke kan ƙoƙuwar magudana, yadda ruwa zai karkata a lanƙwasa, inda zai bugi bango, duk waɗannan kwamfuta tana ba da amsar da ke kusa da awo, kuma cikin mako guda injiniya zai gwada zane goma da a da sai kafinta da magini sun shafe watanni suna rushewa da sakewa. Ba ni cikin masu cewa a koma zamanin jiya.

Amma mai karatu, zo mu yi ɗan lissafi tare. Ƙwayoyin kumfar magudana da yawansu ba su wuce milimita ɗaya zuwa 'yan milimitoci ba. Kafin kwamfuta ta ga siffar ƙwaya mai milimita ɗaya, sai an raba ta aƙalla gida goma, wato kowane gurbi ya zama kashi ɗaya cikin goma na milimita. A tsawon mita ɗaya akwai irin waɗannan 10,000. A akwati mai mita ɗaya tsawo da faɗi da tsayi kuwa, 10,000 sau 10,000 sau 10,000 ke nan, tiriliyan ɗaya cur. Wannan na ruwan da bai fi cikin tankin gida ba ne, magudana kuwa tana ɗauke da dubban irinsa a lokaci guda. Babu kwamfutar da ke yin wannan a duniya. Abin da ake yi a aikace shi ne a yi gurabe masu girman kwali ko ma na akwatin lefe, waɗanda dubban ƙwayoyin kumfa za su ɓuya a cikin guda ɗaya ba ta san da su ba.

To ina farin da muke gani a hoton ya fito? Daga ƙiyasi. An rubuta wa manhajar wata ƙaramar doka ce ta gefe. A wadda Hirt ya fitar a 2003, alal misali, kwamfuta tana auna ƙarfin hargitsin da ke son yage fatar ruwa, ta kwatanta shi da nauyin ruwa da ƙarfin fatar da ke son riƙe ta. Idan hargitsi ya rinjaya, sai ta ce iska ta shiga, ta kuma ninka da wata lamba don samun adadin. Wannan lamba mutum ne ke sa ta da hannunsa, akan fara da 0.5, a ƙara ko a rage har sai sakamako ya yi kama da wani awo da aka sani. Gishirin miya ke nan, mai girki ke da ikonsa. Bugu da ƙari, shi kansa hargitsin ba ganinsa kwamfutar take yi ba, ƙiyasta shi take yi da wasu dokokin, mafi shahara cikinsu ita ce wadda Launder da Spalding suka daidaita a 1974, kuma an daidaita ta ne da ruwa ko iska zalla, ba da gaurayensu ba. Ƙiyasi ne aka ɗora a kan ƙiyasi. Masu bincike sun sha nuna cewa idan aka sauya girman gurabe kawai, ba a taɓa komai ba, wurin da farin ruwa ke farawa da adadin iskar sukan sauya. Kuma inda lissafin ya fi rauni shi ne inda aka fi bukatarsa, wato ɗan siririn ruwan da ke shafar kankare. Kumfa dai sama take yi. Iskar da mashaƙa ta cusa a ƙasa tana tasowa tana barin kankaren sannu a hankali, kuma tambayar da ta fi kowace tsada a zanen ita ce, a mita nawa ne za ta ragu ƙasa da kashi 7 ko 8 na Peterka, har a bukaci mashaƙa ta biyu?

Na taɓa zama a wani taro inda wakilin wani kamfanin ba da shawara ya haska wa manyan jami'ai bidiyon ruwa yana gangarowa a magudanar da suka zana, shuɗi a sama, kore a tsakiya, ja a ƙasa, har da feshi yana tashi. Aka yi tafi. Tambayoyin da suka biyo baya duk a kan kuɗi da ranar kammalawa suka tsaya. Babu wanda ya tambayi girman guraben, ko an sake lissafin da ƙananan gurabe an ga amsar ba ta motsa ba, ko kuwa da awon wace madatsa aka daidaita gishirin. Ban ce mutumin ya yi ƙarya ba, watakila aikinsa ingantacce ne. Abin da ya dame ni shi ne da ingantacce da na bogi, tafi ɗaya za su samu a wannan ɗaki.

Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma a nan gizo ke saƙar, domin awon gaske na farin ruwa kaɗan ne a duniya baki ɗaya. Ana yin sa ne da wata allura mai ɗauke da lantarki, wadda ke gane lokacin da tsininta yake cikin ruwa da lokacin da ya huda ƙwayar iska, idan tsinin biyu ne har gudun kumfar tana bayarwa. Sai dai riƙe allura a cikin ruwan da ke gudun mota ba wasa ba ne. Shi ya sa har yanzu ake komawa ga gwajin da Straub da Anderson suka wallafa a 1958 daga Minesota, da awon da Cain ya yi a jikin madatsar Aviemore ta Niyu Zilan a shekarun 1970, sai kuma 'yan kaɗan na baya-bayan nan, kamar wanda masu bincike na Zurik suka yi a madatsar Luzzone ta Suwizalan. Da waɗannan 'yan tsirarun ma'aunai ake daidaita manhajojin da ke yanke hukunci a kan ɗaruruwan madatsu.

Akwai kuma wani abin da kwamfuta ba ta sani ba sai an gaya mata. Ita kankaren takarda take lissafawa, sumul, babu tsaga babu faci. A watan Fabrairun 2017 magudanar Oroville ta Kaliforniya, madatsa mafi tsayi a Amurka, ta ɓarke a tsakiya, aka kwashe mutane kimanin 188,000 daga gidajensu, gyaran ya ci sama da dala biliyan ɗaya. Mutane da yawa sun zaci tafasar sanyi ce. Kwamitin bincike mai zaman kansa da ya ba da rahoto a Janairun 2018 ya ɗora laifin ne a kan ruwan da ya riƙa kutsawa ta tsaga da mahaɗar kankare, ya ɗaga falon daga ƙasa, a kan dutsen da dama ruɓaɓɓe ne. An kammala Oroville a 1968. A wannan shekarar aka kammala Kainji.

Kada a fahimce ni a baibai. Ɓallewar Bagauda a Agustan 1988, da ta Alau wadda ta shanye Maiduguri a Satumbar 2024, ba maganar kumfa ba ce, gajerun madatsu ne da ruwansu ba ya kai wancan gudu, kuma ciwonsu daban ne. Amma muna da dogaye. Shiroro da ke kan kogin Kaduna tana da tsayin mita 115, Zungeru mai megawat 700 da kamfanonin Sin suka gina tana wajen mita 100, Kainji mita 65, ga kuma Mambila da aka daɗe ana yi mana alkawarinta. Duk waɗannan tsayinsu ya isa a yi musu wannan tambaya. Kainji kamfanin Italiya ne ya gina ta bisa zanen Turawa, kuma haka abin yake tafiya har yau, zane daga waje, lissafi daga waje, mu namu sa hannu da biyan bashi.

Abin da nake nema bai kai kuɗin motar rakiyar minista ba. A rubuta cikin kowace kwangilar madatsa cewa kamfanin zai miƙa fayilolin lissafinsa gaba ɗaya, da lambobin da ya sa da hannu, da shaidar cewa ya sauya girman gurabe amsar ta tsaya, sannan a ba wani wanda ba shi da hannu a kwangilar ya sake bugawa. Muna da Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Mando, Kaduna, muna da sashen injiniyan ruwa da muhalli a Jami'ar Ahmadu Bello. Manhajar kyauta ce, yaranmu kuma suna da kai, ko da yake abin takaici ne ɗalibi ya kwana uku yana lissafin madatsar da ke ba ƙasa wuta, a ɗauke masa wuta a dare na uku. Inda kuma maganar iska ta zama ita ce ginshiƙin zane, a haɗa lissafin da babban samfuri, kowanne ya zama mai duba ɗan'uwansa.

Sai kuma awo, wanda shi ne ma ya fi sauƙi. Ba sai mun fara da allurar lantarki ba. Duk inda akwai bututun iska, a bayan ƙofa ko a gefen magudana, ana iya rataya ɗan na'urar auna gudun iska irin ta ofishin hasashen yanayi, a ninka abin da ta nuna da faɗin bakin bututun, an sami adadin iskar da ruwan ke sha ke nan. A kafa kyamara a wuri guda, a zana ma'auni da fenti a jikin bango, a riƙa ɗaukar inda farin ruwa ke farawa da inda ya kai a bango a duk lokacin da aka buɗe ƙofa, a rubuta tsayin tafki da yawan buɗin. Idan rani ya yi, magudana ta bushe, a sa ƙwararru su taka ta da ƙafa daga sama har ƙasa da ma'auni a hannu, su rubuta kowace tsaga da kowane ɗan tudu da ya kai kaurin yatsa, a ba masu lissafi su sa a kwamfutarsu a madadin kankaren takarda. Kogin Neja ma ya yi mana gata a Kainji, domin sau biyu yake kawo ruwa a shekara, na daminar gida daga Agusta zuwa Oktoba, da kuma wanda ya taso tun daga tsaunukan Gini yake isowa cikin hunturu.